Yadda ake rubuta formil ɗin gishiri da kanwa

Kantun gishirin da raƙuma ke ɗaukowa daga Bilma da Fashi, da gishirin teku na cikin buhu, mafi yawan abin da ke cikinsu iri ɗaya ne. Masana shimi suna rubuta shi da haruffa huɗu: NaCl. Wannan gajeren rubutu shi ake kira formil.

Gishiri haɗin waɗansu ƴan ƙwayoyi ne da ido ba ya gani, sunansu iyon. Kowane iyon yana ɗauke da lantarki, ko na ƙari (+) ko na ragi (−). Iyon na sodiyom yana da ƙari ɗaya, Na⁺. Na klor yana da ragi ɗaya, Cl⁻. Amma gishirin kansa ba shi da ƙari, ba shi da ragi, domin sun yi daidai. Ga dokar: a cikin formil, jimlar ƙari dole ta zo daidai da jimlar ragi. Ana fara rubuta mai ƙari, mai ragi ya biyo baya.

Kalsiyom ƙari biyu gare shi, Ca²⁺. Klor ɗaya ba ya isarsa, sai biyu. Saboda haka a rubuta CaCl₂. Ƴar lambar da ke ƙasa tana faɗin yawan iyon, ta sama kuwa tana faɗin lantarkinsa, kuma ba ta shiga formil. Ba a rubuta 1.

To, kanwa fa? Kanwar kasuwa gauraye take da ƙasa da waɗansu gishirai, amma akwai karbonat na sodiyom a cikinta. Karbonat ƙungiya ce: karbon ɗaya da oksijan uku sun haɗu, suna tafiya tare da ragi biyu, CO₃²⁻. Ba a raba su. Ragi biyu na bukatar sodiyom biyu: Na₂CO₃. In ɗalibi ya manta da 2 ɗin nan, ya rubuta NaCO₃, ya bar ragi ɗaya ba abokin tafiya, formil ɗinsa ya ɓaci.

Dutsen da ake yin siminti da shi a Malbaza karbonat na kalsiyom ne. Ƙari biyu, ragi biyu, sun riga sun yi daidai: CaCO₃, ba a ƙara kome.

Wani lokaci ƙungiyar ce ake bukata sau biyu. Nan sai a saka ta cikin baka. Idroksid, OH⁻, ragi ɗaya gare shi, don haka da kalsiyom a rubuta Ca(OH)₂. Wanda ya yar da bakan ya rubuta CaOH₂, idrojan kaɗai ya ninka, ya bar oksijan ɗaya. Nan ɗalibai suka fi faɗuwa, galibi don gaggawa.

Aiki

A rubuta formil na waɗannan a kan allo, a ƙidaya ƙari da ragi kafin a nuna wa malam:

1. K⁺ da Cl⁻
2. Mg²⁺ da Cl⁻
3. K⁺ da CO₃²⁻ (akwai shi cikin ruwan toka)
4. Al³⁺ da O²⁻