Yashe Magudana: Nazarin Cire Matattun Umarni daga Ƙwayar Linux

Tsakure

Wannan maƙala ta duba dalilan da ke sa masu kula da ƙwayar babbar manhajar Linux su goge umarnin da ke tayar da tsofaffin hanyoyin sadarwar sassan kwamfuta. Ta kuma auna tasirin hakan ga masu dogaro da na'urori na hannu a Jihar Kebbi, tare da ba da shawarar keɓaɓɓun kalmomin Hausa na wannan fanni.

1.0 Gabatarwa

Ƙwaya ita ce zuciyar babbar manhaja, wadda ke shiga tsakanin na'ura da sauran manhajoji. Linus Torvalds ne ya fara rubuta ta Linux a 1991, kuma a kanta wayoyin Android suke tafiya. A nan an zaɓi kalmar "magudana" ga hanyar da bayanai ke bi tsakanin sassan kwamfuta, domin aikinta ya yi daidai da na magudanar da manomin shinkafa a fadamar Gulma ke rarraba ruwan Rima da ita. Magudanar da aka daina bi kuwa, ciyawa take tarawa.

2.0 Tayar da Magudana

Da zarar an kunna kwamfuta, ƙwaya takan bincika abin da ke haɗe da kowace magudana. A tsarin PCI, wanda Intel ya fito da shi a 1992, magudana ɗaya tana ɗaukar na'urori har 32, kowace da ayyuka har takwas. Ƙwaya takan nemi lambar kamfanin da ya ƙera na'ura a kowane gurbi. Idan ba a amsa da sahihiyar lamba ba, ta san gurbin fayau yake, sai ta wuce.

Sau ɗaya ake wannan aiki. Saboda haka ake yi wa irin waɗannan umarni alama, a kwashe su daga ma'adanar wucin gadi bayan an gama tashi. Wannan cirewa ce ta ɗan lokaci, ta bambanta da gogewa daga tushen manhajar baki ɗaya.

3.0 Gogewa ta Dindindin

Kamfanin IBM ya fito da magudanar MCA a 1987 tare da kwamfutocin PS/2, amma PCI ta danne ta. A 2012 Paul Gortmaker ya goge ragowar umarninta, abin da ya bayyana a Linux 3.5. A 2018 kuma Arnd Bergmann ya jagoranci cire tsare-tsaren na'urori takwas daga Linux 4.17, aka zubar da layuka kusan 500,000.

Hujjar masu gogewa ita ce, umarnin da ba mai na'urar gwada shi ba a iya tabbatar da lafiyarsa. Duk wanda ya sauya wani sashe na ƙwaya dole ya gyara shi ma a makance, kuma kurakuran tsaro kan ɓuya a cikinsa shekara da shekaru.

4.0 Inda Gizo ke Saƙar

Ma'aunin "ba a amfani da shi" ya dogara ne ga wanda ya yi magana. Akan sanar da niyyar gogewa, in ba a sami mai ƙorafi ba sai a zartar. Cire MCA bai taɓa shagunan buga takardu na Birnin Kebbi ko Argungu ba, domin kwamfutocinsu na hannu a kan PCI suke. Amma da Ubuntu ya daina fitar da faifan girkawa na kwamfutocin tebur masu bit 32 a 2017, abin ya matso kusa da gida. Na'urar da aka yi ritaya da ita a Turai tana iya zama jarin wani a nan.

5.0 Kammalawa

Yashe magudana wajibi ne, sai dai a tambayi mai gonar ƙarshe kafin a toshe. Ya kamata sassan kimiyyar kwamfuta na Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi da jami'ar jiha da ke Aliero su tattara bayanan na'urorin da ake aiki da su a yankin, su riƙa isar da rahoto ga masu kula da ƙwayar. Aikin masana Hausa kuwa shi ne daidaita kalmomin da za a koyar da fannin da su.