Tasirin Gado a kan Maiƙon Jini: Nazarin Cimar Al'ummar Sabon Birni da Isa

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi yadda ƙwayoyin gado suke tasiri a kan sarrafa maiƙo da kolestarol a jikin ɗan'adam, sannan ta auna abin da hakan yake nufi ga cimar mutanen Sabon Birni da Isa. Maƙalar ta nuna cewa shawarar abinci guda ɗaya ba ta wadatar da kowa, kuma tarihin dangi da awon jini su ne matakin farko na tsara wa mutum abincin da ya dace da jikinsa.

1.0 Gabatarwa

Sabon Birni da Isa ƙananan hukumomi ne a gabashin Jihar Sakkwato, a yankin Gobir da ke dab da iyakar Nijar. Gobirawa manoma da Fulani makiyaya sun daɗe suna musayar gero da nono a kasuwannin yankin, shi ya sa fura da nono da tuwo mai man shanu suka zama cimar yau da kullum. Sai dai mutum biyu kan sha fura a ƙwarya ɗaya shekara da shekaru, a auna jininsu a tarar maiƙon ɗaya ya yi sama, na ɗayan kuwa yana daidai. Wani ɓangare na wannan bambanci daga iyaye aka gaje shi.

2.0 Yadda Jiki Yake Sarrafa Kolestarol

Kolestarol wani nau'in maiƙo ne da jiki yake buƙata wajen gina ƙwayoyin halitta da haɗa ruwan matsarmama. Mafi yawansa jiki ne yake haɗa shi, musamman hanta. Kaso kaɗan ne yake fitowa daga abinci. Nau'in da ake kira LDL shi ne wanda idan ya yawaita yake taruwa a bangon jijiyoyin jini har su tsuke, abin da kan jawo bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki. A jikin hanta akwai wasu ƙofofi da suke janye LDL daga cikin jini. Michael Brown da Joseph Goldstein ne suka gano su, aikin da ya sa aka ba su lambar yabo ta Nobel a 1985. Yawan waɗannan ƙofofi da ingancinsu, ƙwayoyin gado ne suke tsara su.

3.0 Gadon da Yake Cutarwa da Wanda Yake Karewa

Akwai lalurar yawan kolestarol ta gado, wadda take samun kimanin mutum 1 cikin 250 a duniya. Mai ita kan kasance da ƙofofin hanta masu rauni tun daga haihuwa, don haka jininsa yana cike da LDL ko da siriri ne, ko da kullum yana gona. Duk ɗan da ya haifa yana da yiwuwar kashi 50 cikin 100 na gadonta. Idan miji da mata duka suna ɗauke da ita, kowane ciki yana da yiwuwar 1 cikin 4 na haifar da yaron da ya gaje ta ta ɓangare biyu, wanda ciwon zuciya kan kama tun yana ƙarami. Lissafin ya yi kama da na sikila, kuma auren zumunci yana ƙara yiwuwar haɗuwar irin waɗannan ma'aurata.

Akwai kuma gadon da yake karewa. A 2005, Jonathan Cohen da Helen Hobbs na birnin Dallas a Amurka sun gano cewa kimanin kashi 2 cikin 100 na baƙar fatan Amurka suna ɗauke da wani sauyi a ƙwayar gado mai suna PCSK9, wanda yake sa ƙofofin hanta su yawaita. Binciken da suka wallafa a 2006 ya nuna LDL ɗin masu wannan sauyi ya ragu da kashi 28 cikin 100, haɗarin ciwon jijiyoyin zuciya kuma da kashi 88 cikin 100. An samu irin sauyin a tsakanin Yarbawan Nijeriya ma.

4.0 Darasi daga Ruga

Tun a 1971 binciken Norman Kretchmer a Nijeriya ya nuna cewa yawancin Fulani makiyaya suna narkar da sukarin madara har bayan sun girma, saɓanin yawancin Yarbawa. Wannan gado ne da ya dace da kiwo. A 2001 kuma, Robert Glew da abokan aikinsa suka wallafa nazarin Fulani 121 na tsaunukan Jos. Kusan rabin kuzarin da suke samu daga abinci maiƙo ne yake ba su, amma kolestarol ɗinsu bai haura ƙa'ida ba. Masu binciken sun danganta hakan da yawan motsa jiki da kuma ƙarancin jimillar abincin da suke ci.

Wannan darasi ya shafi Sabon Birni da Isa kai tsaye. Hare-haren 'yan bindiga da satar shanu sun raba iyalai da yawa da gonakinsu da dabbobinsu. Wasu sun koma birnin Sakkwato, wasu sun tsallaka Jihar Maraɗi. Wanda ya bar bin shanu ya koma zaman gari, ya musanya gero da wake da taliya da soye-soye, gadonsa yana nan yadda yake, amma kariyar da tafiyar ƙasa take ba shi ta kau.

5.0 Tsara Abinci Gwargwadon Jikin Mutum

Ba sai an yi gwajin ƙwayoyin gado mai tsada ba kafin a fara. Mataki na farko shi ne ma'aikacin lafiya ya tambayi ko a dangi akwai namijin da ciwon zuciya ya kama kafin shekara 55, ko mace kafin 65. Na biyu, ya duba ko akwai ƙulluwar maiƙo a agara ko gaɓoɓin yatsu. Na uku, a yi awon maiƙon jini, irin wanda ake yi a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo.

Wanda awonsa ya fito daidai kuma yana aikin ƙarfi, babu dalilin raba shi da nono. Wanda nasa ya ɗan hau, ya rage man shanu da kitse da manja, ya koma man gyaɗa gwargwado, ya yawaita wake da kuɓewa da zogale da geron da ba a surfe shi sosai ba. Babban da LDL ɗinsa ya kai milimol 4.9 a kowace lita kuwa, ana zargin lalurar gado ce. Abinci kaɗai ba ya isarsa, sai likita ya haɗa masa da magani irin su sitatin, a kuma auna 'ya'yansa da waɗanda suke ciki ɗaya.

6.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa gado da cima da motsa jiki tare suke tsara maiƙon jini. Al'ummar da ta riga ta saba da gwajin sikila kafin aure ba za ta sha wuyar fahimtar wannan ba. Don haka ya kamata cibiyoyin lafiya na Sabon Birni da Isa su sanya tambayar tarihin dangi cikin aikin awon hawan jini, domin gano mutum ɗaya mai lalurar gado kan kai ga gano sauran 'yan gidansu kafin ciwo ya bayyana.