Koya wa Yara Harɗaɗɗun Kalmomin Turanci: Ta Ƙarshe Ce Mai Gida

Tambaya: Ni malamar Turanci ce a aji biyu na firamare. Zangon da ya wuce mun zo darasin harɗaɗɗun kalmomi, irin su classroom da toothbrush da playground. Na jera musu su a allo, suka kwafa, suka haddace, aka yi gwaji kusan kowa ya ci. Da muka dawo daga hutu sai na tarar kamar ba a taɓa yi ba. Wasu in sun ga doguwar kalma a littafi sai su yi turus, wasu kuma juya ta suke yi, yaro ya ce bag school maimakon schoolbag. Ina matsalar take, kuma me zan yi?

Amsa: Ki kwantar da hankalinki, yaranki lafiyarsu ƙalau. Yaron da ya ce bag school ya san bag, ya san school, ya kuma san ana haɗa kalma biyu a sami sunan abu ɗaya. Abin da ya rage masa shi ne sanin wacce ke shiga gaba. Da yake ba wanda ya gaya masa, sai ya ɗauko tsarin harshen da ya tashi da shi.

Duba yadda muke yi a Hausa: jakar makaranta, ɗakin kwana, ƙwallon ƙafa, kofin shayi, rigar ruwa. Ainihin abin shi ke fara zuwa, sannan kalmar da ke faɗin wane iri ne ta biyo baya, da ɗan harafin n ko r a tsakani yana ɗaure su. Turanci a juye yake. Schoolbag jaka ce, bedroom ɗaki ne, football ƙwallo ne, teacup kofi ne, raincoat riga ce. A duk waɗannan kalmar ƙarshe ita ce abin, ta farko bayani kawai take ƙarawa. Ni ina ce wa yara ta ƙarshe ce mai gida, ta farko baƙuwa ce da ta zo ta faɗi irin gidan. Idan yaro ya riƙe wannan, ya riƙe fiye da rabin darasin, kuma hadda ba ta koya masa shi, ko da kalma ɗari ya haddace.

Wannan juyi ba a kan 'ya'yan Hausawa aka fara ganinsa ba. A 2002 wata masaniya a Kanada, Elena Nicoladis, ta wallafa bincike a kan ƙananan yara masu jin Faransanci da Turanci tare. Faransanci, kamar Hausa, ainihin abin yake sawa a gaba. Ta samu cewa waɗannan yara sun fi juya harɗaɗɗun kalmomin Turanci a kan takwarorinsu masu Turanci kaɗai. Ke nan abin da kike gani a ajinki alama ce ta yaro mai harshe biyu da ke ƙoƙarin daidaita su, kuma yana gyaruwa da zarar an nuna masa inda suka rabu.

Shi ya sa nake roƙon malamai, musamman a makarantun da ake cin tarar yaro in ya yi Hausa, su sassauta a wannan darasin. Minti biyu na kwatanta ɗakin kwana da bedroom a allo, ana jan kibiya daga ɗaki zuwa room, daga kwana zuwa bed, yara na ganin kibiyoyin sun gitta juna, ya fi mako guda na amshi. Hana Hausa a nan rufe wa yaro ƙofar da ya kamata ya shiga ta cikinta ne.

Matsala ta biyu, wato yaron da ke tsayawa in ya ga doguwar kalma, tushenta dabam ne. Mu manya muna zaton duk mai ido zai ga play da ground a cikin playground. Yaro ba ya gani sai an nuna masa. A 1958 wata masaniya, Jean Berko, ta tambayi yara 'yan shekara 4 zuwa 7 a jihar Massachusetts ta Amurka, waɗanda Turanci ne harshen gidansu, dalilin da ya sa ake kiran wasu abubuwa da sunayensu, irin su blackboard da birthday da breakfast. Da yawansu ba su koma ga kalmomin da ke ciki ba sam. Amfanin abin suka riƙa faɗa, misali cewa ana kiran allo blackboard ne domin a kansa ake rubutu. In ɗan da aka haifa cikin harshen bai lura ba, ina ga namu da ya fara jin sa a aji? Ƙari a kan haka, wasu kalmomin sun shigo mana Hausa a dunƙule. Hedimasta, hedikwata, hankici, birkila, tocilan, askirim, duk asalinsu kalma biyu ne a Turanci, amma a kunnen yaro dutse ɗaya ne.

To, ga abin da za ki yi. Kafin komai ki tace jerin kalmominki. Sharaɗi na farko, kada ki kawo harɗaɗɗiyar kalma sai yara sun san ɓangarorinta biyu. Wanda bai san tooth ba, bai san brush ba, toothbrush a wurinsa surutu ne mai tsawo, ga sautukan da ke karya harshe. Sharaɗi na biyu, abin ya zama wanda suka taɓa gani. Takardun darasi da ake sauko da su daga intanet cike suke da snowman da mailbox da pancake, domin don yaran wata ƙasa aka rubuta su. Ke kina da groundnut, firewood, sugarcane, handbag, notebook, homework, classroom, goalpost, grandmother. Kalma biyar ko shida a mako sun isa.

Ki fara da kunne, alli ya jira. Ki tsaya gabansu ki ɗaga dunƙulen hannu ɗaya ki ce foot, ki ɗaga ɗayan ki ce ball, sannan ki haɗa su ki ce football. Su ma su yi. A nan akwai wani ɗan abu da malamai da yawa ba sa lura da shi. Tun da kina fuskantar yaran, hannunki na dama shi ke hagunsu, don haka shi za ki fara ɗagawa, domin kalmar farko ta faɗo a inda rubutun boko ke farawa. Yawancin yaranmu da safe suna boko, da yamma suna allo ko Islamiyya inda karatu ke tashi daga dama, saboda haka kada ki ƙara musu ruɗani da hannunki. Idan sun iya haɗawa, sai ki koma rabawa. Ki ce bedroom, ki ɓoye hannu ɗaya a bayanki, ki tambaya me ya rage in an cire bed. Wasa ne, amma shi ke koya wa kunne jin ɗinkin da ke tsakiyar kalma.

Tun a wannan mataki ki kula da inda murya ke faɗawa. Mai Turanci yakan danna kalmar farko a harɗaɗɗiyar kalma. In ya danna black a blackboard, allon aji yake nufi, ko da kore ne. In ya danna board, to kowane katako baƙi ne. Kada ki yi musu dogon bayani a kai, ki dai riƙa faɗa daidai suna bin ki. Kunnen da ke rarrabe gari na mutane da garin tuwo ba zai kasa jin wannan ba.

Bayan kwana biyu ko uku sai a zo ga ido. Ba kya bukatar sayen komai. Ki nemi tsohon kwali ki yanka shi gunduwa-gunduwa kamar tafin hannu, kowane yanki kalma ɗaya da manyan baƙaƙe. Kalmomin da ke zama mai gida ki rubuta su da launi ɗaya, baƙin kuma da wani. Ki kira yarinya ki ba ta room ta tsaya a gaban aji. Ki raba bed da class da bath da store ga wasu. Ɗaya bayan ɗaya su fito su nemi inda za su tsaya, ajin na karantawa. Za ki ga mai riƙe da class ya zo ya tsaya a bayan room, sauran su ɗau ihu wai ya koma ɗaya gefen, ya zagayo yana dariya. Wannan ihun shi ne darasin, domin su da kansu suka kama kuskuren. Sannan ki tambaye su: nawa ne a cikin waɗannan ɗaki? Dukansu. Me ya bambanta su? Baƙon. Mako na gaba ki tsayar da ball, a kawo foot da hand da basket. Na bayansa book, a kawo note da text da story. Koyar da su dangi-dangi haka ya fi jeri mai gauraye, domin yaro yana ganin abu ɗaya na tsaye yayin da ɗayan ke sauyawa.

Da zarar sun saba, ki kawo musu kalmomin da in an juya su ma'ana ke juyawa. Tap water ruwan famfo ne, water tap famfon ruwa ne. School day ranar makaranta ce, day school makarantar jeka-ka-dawo ce. Ki ce su zana kowanne. Wanda ya zana kofi da ruwa a ƙarƙashin tap water ya gane. Jam'i ma nan yake warwaruwa ba tare da wata sabuwar ƙa'ida ba. Mu mukan ce ɗakunan kwana, jiragen sama, domin mai gida ke ɗaukar jam'i kuma namu a gaba yake. Su kuma bedrooms da schoolbags da toothbrushes, domin nasu a ƙarshe yake. Yaron da ya rubuta teethbrush ya ba baƙo abin mai gida.

Ki kuma bar su su ƙirƙiro nasu. Eve Clark ta jami'ar Stanford ta nuna cewa yaran da ke tasowa da Turanci suna ƙago irin waɗannan kalmomi tun suna wajen shekara 2, duk lokacin da suka rasa sunan abu. Namu ma haƙƙinsu ne. Tambaye su me za a kira ɗakin da akuya ke kwana. In yaro ya ce goatroom, ki yaba masa, domin ya sa kowace a mazauninta. Ki gaya masa tasa ce, ba ta cikin ƙamus, amma ginin daidai ne.

Akwai gaskiyar da dole a gaya wa yara, sai dai kada a yi gaggawarta. Ba kowace kalma ce ke buɗuwa da wannan mabuɗi ba. Butterfly ba ƙudan man shanu ba ne, malam-buɗe-littafi ne. Mushroom ba ɗaki ba ne. Carpet tana da car da pet a cikinta, amma ba ruwanta da mota ko dabba, haɗuwar baƙaƙe ce kawai, haka father da season. Pickpocket kuwa ba aljihu ba ne, mai yankan aljihu ne. Ki ajiye waɗannan sai sun yi ƙarfi a kan na sarari, wajen ƙarshen aji uku ko farkon aji huɗu. In lokacin ya yi, ki fara daga gida. Gidan sauro ba gida ba ne, farin jini ba launin jini ba ne, hana-salla hula ce, dafa-duka abinci ne, faɗi-ka-mutu tangaran ne. Yaron da ya san waɗannan ba zai firgita ba in Turanci ya yi masa irin haka. Abin da za ki koya masa shi ne ya raba kalmar, ya yi hasashe, sannan ya koma jimlar ya gani ko hasashen ya zauna. In bai zauna ba, ya tambaya ko ya duba ƙamus.

Game da rubutu, kada ki tsananta. Wasu ana haɗe su kamar classroom, wasu a rabe kamar bus stop, wasu da karan ɗori kamar mother-in-law, kuma babu ƙa'ida guda da ta kama duka. Masu harshen ma sauya ra'ayi suke yi. A 2007 ƙamus ɗin Shorter Oxford ya cire karan ɗori daga kalmomi kimanin 16,000, wasu aka haɗe su, wasu aka raba. Saboda haka yaron aji biyu da ya rubuta class room a rabe bai cancanci jan biro mai kauri ba. Ki nuna masa yadda take a littafinsu, ki wuce. Wanda ya rubuta room class shi ke bukatar zama da ke.

Iyaye ma suna da rawar takawa ko ba su jin Turanci ko kaɗan. Uwa tana tankaɗe tana iya tambayar ɗanta bambancin kwalbar ruwa da ruwan kwalba, ko me zai rage in an cire sama daga jirgin sama. Yaron da ya saba juya kalmomin harshensa a baki yakan zo aji da kunnen da kike nema. Ki faɗa musu haka ranar taron iyaye da malamai.

Sai batun gwaji, wanda shi ya ruɗe ki zangon da ya wuce. Gwajin da ke tambayar kalmomin da aka haddace ƙarfin hadda kawai yake aunawa. Wannan karon ki kawo kalmomin da ba ki taɓa koya musu ba amma sun san ɓangarorinsu, kamar goatskin da sandbag da doorstep da fishpond. A kan kowace ki yi tambaya biyu: ina za a raba ta, kuma wane abu ne? Ki yarda su amsa ta biyun da Hausa ko da zane. In yaro ya ce sandbag buhu ne, na yashi, ki ba shi makinsa cikakke. In ya ce yashi ne, ki sa sunansa cikin waɗanda za su sake riƙe kwali mako mai zuwa.