Sa'ad da Tsohuwa Ta Manta Sunanka

Ɗan'uwa mai karatu, ka buɗe Littafi Mai Tsarki ka karanta Fitowa 20:12 da Markus 7:9-13 kafin ka ci gaba. Dukanmu mun haddace dokar girmama iyaye tun muna yara. Amma ko ka taɓa tunanin ranar da za ka durƙusa ka gai da mahaifiyarka, ta dube ka ta ce, "Bawan Allah, daga ina?" Ni ya same ni. Shekara uku na yi jiyyar tsohuwata cikin wannan hali, shi ya sa nake rubuta maka.

Mutanenmu suna ce da shi gigin tsufa. Waɗansu kuwa, har cikin ikkilisiya, da sun ga tsohuwa tana yawo da dare ko tana kiran sunayen matattu sai su fara raɗa, wai maita ce ta kama ta. Wannan zunubi ne, jahilci ne kuma. Abin ciwo ne na ƙwaƙwalwa, kamar yadda kuturta ciwo ce ta fata da jijiya. A shekara ta 1906 wani likita Bajamushe, Alois Alzheimer, ya ba da labarin wata mace da ta yi ta mantuwa da ruɗewa har ta rasu. Da ya duba ƙwaƙwalwarta ya iske ta lalace. Sunansa aka sa wa irin ciwon da ya fi yawa. Wani irin kuma yana zuwa ne ta hawan jini, wato tansiyo, sa'ad da jini ya kāsa kaiwa ga waɗansu sassa na ƙwaƙwalwa. Har yau ba a sami maganin da yake warkar da shi ba, kada wani mai tallar magani a kasuwa ya cinye maka kuɗin gero.

Amma ka lura da wannan. Gigin tsufa a hankali yake shiga, wata da watanni. Idan tsoho lafiyayye ya ruɗe farat ɗaya cikin kwana ɗaya ko biyu, maza ka kai shi gidan likita. Sau da yawa zazzaɓi ne, ko ciwon mafitsara, ko ƙarancin ruwa a jiki lokacin bazara, waɗannan kuwa suna jin magani.

To, yaya za ka zauna da ita? Kada ka yi gardama da ita. Tsohuwata takan ɗaure kayanta da almuru ta ce za ta tafi gidan ubanta, shi kuwa ya rasu tun ban yi wayo ba. Da fari nakan ce mata ya mutu, sai ta fashe da kuka kamar yau aka yi rasuwar. Kowace rana sabon makoki! Daga baya na koyi cewa, "Inna, ki sha fura tukuna, ki ba ni labarin gidan." Kafin ta gama labari ta manta da tafiya. Za ta ɓoye kuɗinta ƙarƙashin tabarma, ta ce matarka ta sace. Kada ka tuhumi matarka, kada kuma ka tsawata wa tsohuwa. Ku nema tare.

Ka duba 2 Sama'ila 19. Barzillai yana da shekara 80, ba ya jin daɗin abinci, kunnensa ya yi nauyi. Sarki Dawuda ya so ya tafi da shi Urushalima ya riƙe shi, amma tsohon ya roƙa a bar shi ya koma garinsu, kusa da kabarin iyayensa. Dawuda bai tilasta masa ba. Ma'aikaci a Yamai yakan ɗauko uwarsa daga ƙauye don ƙauna, ya sa ta a gidan siminti da ba ta sani ba, sai ruɗewar ta ƙaru. In da hali, a bar ta a ɗakinta, da randarta, da maƙwabtanta.

Faɗuwa ita ce babbar barazana. A kau da turmi da igiya da itace daga hanyar bayan gida, a ba ta tocila, a rufe bakin rijiya, kada a bar ta ita kaɗai kusa da murhu. Idan ta faɗi ta kāsa tashi, ka ga ƙafa ɗaya ta gajarta ta juya waje, ƙashin kwatangwalo ne ya karye. Wannan ba aikin mai ɗori ba ne. A kai ta inda ake ɗaukar hoton ƙashi da yin tiyata, kamar Galmi ko babban asibitin jiharku. In ta kwanta jiyya, a riƙa juya ta kowace awa biyu, a tsane jikinta, don kwanciya wuri ɗaya takan huda fata ta zama gyambo. Magani kuwa, mutum ɗaya ya riƙe shi. Ita za ta manta ta sha, ko ta sha sau biyu. Maganin tansiyo da na sukari ba a daina su don an ji sauƙi.

Yanzu ga maganar da ba mu so. Farisiyawa na Markus 7 sun yarda mutum ya keɓe dukiyarsa wai ta Allah ce, don kada iyaye su ci. Mu kuma mukan aiko da jikka biyar a wata, mu ce mun sauke nauyi, mu bar wankin fitsari da kwanan zaune a kan mace ɗaya, suruka ko ƙanwa. Na yi haka wata shida kafin na lura matata ta rame. Ka karanta 1 Timoti 5:4-8, ka ga a kan wa Bulus ya ɗora nauyin. Ku ƴan'uwa ku zauna ku raba: wa zai sayi magani, wa zai kai ta awo, wa zai kwana a ɗakinta daren Asabar. Ka gaya wa zumuntar mata ta ikkilisiyarku kuma, kada kunya ta hana ka. In biyu daga cikinsu suka zo suka zauna da ita da yamma, matarka ta sami barci. Su rera mata waƙoƙin sujada na dā. Tsohuwata ta manta sunana, amma in an ɗauko waƙar da ta koya tun tana budurwa, takan bi ta har ƙarshe.