Darasi: Kare Awakinmu da Tumakinmu Daga Cutar PPR

'Yan'uwana mata, yawancinmu idan mun karɓi rance daga asusun ƙungiya, akuya ko tunkiya muke saya. Ke nan lafiyar dabbar nan ita ce lafiyar jarinmu. In ta mutu, bashin yana nan, sai an biya.

Sababbin littattafan kiwon dabbobi na ƙasashe masu zafi suna yawan jan kunne a kan wata cuta da malaman dabbobi ke kira PPR. An fara gano ta a ƙasar Kwaddibuwa a 1942. 'Yar'uwar bushiya ce, wadda ta riƙa ƙarar da shanu a da, har aka kawar da ita daga duniya a 2011 ta hanyar rigakafi. Ita ma PPR, hukumar FAO da abokan aikinta sun sa 2030 a matsayin shekarar gamawa da ita.

Yaya za ki gane ta? Jikin dabba ya yi zafi, ta daina cin abinci, majina da kwantsa su yi ta zuba, gyambo ya fito a baki, sai tari da zawo mai wari. Ba ta kama mutum, amma in ta shiga garken da ba a yi wa allura ba, tana iya kashe fiye da rabi. Maganin da ake saya a kasuwa ba ya kashe ƙwayar cutar.

Abu uku nake so mu riƙe.

Na farko, in kin sayo dabba a kasuwa, ki ɗaure ta a turke daban har kwana 21, da kwanon ruwanta daban. Dabba kan ɗauko cutar ta yi kwanaki ba ta nuna alama ba.

Na biyu, allurar rigakafi. Allura ɗaya tana kare dabba aƙalla shekara 3, kuma cibiyar binciken dabbobi ta Vom a Jihar Filato tana haɗa ta. Kwalba ɗaya ta ishi dabbobi da yawa, tana son sanyi, kuma da an haɗa ta sai a yi amfani da ita nan take. Shi ya sa mace ɗaya mai awaki uku ba za ta iya ita kaɗai ba. Amma in mun tara dabbobinmu rana ɗaya, muka kira malamin dabbobi, kuɗin zai zo wa kowa da sauƙi.

Na uku, in dabba ta kamu, ki ware ta, ki sanar da malamin dabbobi. Don Allah kada ki kai ta kasuwa, don wata 'yar'uwarki ce za ta saya da kuɗin rancenta.

Tambayoyin tattaunawa:
1. Awaki da tumaki nawa muke da su gaba ɗaya a ƙungiyar nan?
2. Nawa kowace za ta riƙa zubawa a mako don kuɗin allura?
3. Wa za mu wakilta ta je ofishin malamin dabbobi kafin zama na gaba?