Inuwar Ƙofar Na'isa

A shekara ta 2010 aka rushe tsohuwar Ƙofar Na'isa ta birnin Kano domin a faɗaɗa hanya. Yaran yanzu ba su san kamanninta ba.

Wani baduku na unguwar ya sami takarda mai kauri, ya yanka siffar ƙofar da aska, ya huda mashigarta. Da dare ya tsai da ita gaban fitila. Sai ga ƙofa a jikin bango! Haske ya bi ta hudar, takarda ta tare saura, gama haske ba ya lanƙwasa. In ya matsa da ita kusa da fitila, sai inuwar ta girma. In ya nisanta ta, sai ta ƙanƙance.

Ta haka jikokinsa suka ga inda kakanninsu suka riƙa shigowa da jakuna.