Darasi na 12: Madarar Jarirai Mai Kauri

Ɗalibai, da yawa daga cikinku kuna da ƙane ko ƙanwa da ake goyo a gida. A Suleja, inda iyaye mata da dama ke sammako zuwa wurin aiki a Abuja, sau da yawa yaya ko kaka ce ke haɗa wa jariri madara. Wata rana aikin na iya faɗowa kanku.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a shayar da jariri nonon uwa zalla har ya cika wata 6. Sai dai akwai jaririn da mahaifiyarsa ta rasu, ko rashin lafiya ya kwantar da ita. Shi ne ma'aikatan lafiya kan ce a ba madarar jarirai. Iri uku ce: ta gari, wadda aka fi samu a kasuwanninmu, da ta ruwa wadda aka riga aka haɗa, da ta ruwa mai kauri. Wannan ta ƙarshe an fi amfani da ita a Amurka da Kanada.

A ido, mai kaurin ta yi kama da madarar gwangwani da mai shayi ke zubawa. Kada kamar ta ruɗe ku. Ta mai shayi ba abincin jariri ba ce, domin ba a daidaita sinadaranta da cikinsa ba. Ku karanta abin da aka rubuta a jikin gwangwanin, ku nemi lambar NAFDAC da ranar da madarar za ta lalace. Gwangwanin da ya kumbura ko ya lotse, ku bar shi.

Ma'auninta ɗaya ne: madara kashi ɗaya, ruwa kashi ɗaya. Idan kun zuba mililita 60 na madara a bulumboti, sai ku zuba mililita 60 na ruwa. Na san kaya sun yi tsada, kuma zuciya kan raya wa mutum ya ƙara ruwa don gwangwani ya daɗe. Amma jaririn da ke shan tsinkakkiyar madara cikinsa kan cika alhali bai ƙoshi ba, sai ya rame. Yawan ruwan kuma yana rage gishirin jininsa, har ya kai shi ga jijjiga. Idan kuwa aka ba shi ita da kaurinta, ƙodarsa ce ke wahala, ruwan jikinsa ya ragu.

Ko na famfo ne, ko na rijiya, ko na 'yan garuwa, ku tafasa ruwan ku bari ya huce. Ku wanke hannu da sabulu, ku dafa bulumbotin, ku wanke saman gwangwanin, ku girgiza shi kafin ku buɗe.

Muddin gwangwani na rufe, babu ƙwayar cuta a ciki. Da zarar an buɗe, lokaci ya fara ƙurewa. Ragowar tana iya yin awa 48 a firji idan an rufe ta, to amma firjin da aka ɗauke masa wuta tun safe akwati ne kawai, balle a zafin Maris da Afrilu. Wadda aka haɗa kada ta wuce awa 2 a waje. Wadda jariri ya fara sha kuwa, bayan awa 1 zubar da ita ake yi. Gidan da ba shi da tsayayyar wuta ya nemi shawara a Babban Asibitin Suleja ko asibitin da ke kusa kafin ya sayi irin wannan madara.

Tambayoyi

1. Me ya bambanta madarar jarirai mai kauri da ta mai shayi?
2. Idan jariri zai sha mililita 180, nawa ne madara, nawa ne ruwa?
3. Ku yi jimla da kowace daga waɗannan kalmomi: sammako, lotse, huce, tsinkakkiya.